Allurar Ango

A danginmu an fi tsoron a ji da a mutu. Mutuwa ta Allah ce, kowa ya san yadda ake karɓar gaisuwarta, amma a ce maƙwabta sun ji wani abu a kanmu, wannan ba mu da maganinsa. Tun kakanmu da ya hawo Jos zamanin haƙar kuza ya kafa gida a Dutse Uku muke da wannan hali. Wanda ya gaje shi tsaf kuwa shi ne Baffa, ƙanen mahaifinmu, da ya zama uban gida bayan rasuwar babanmu. Baffa mutum ne da in gobara ta tashi a ɗakinsa, taga zai fara rufewa kada a ga hayaƙi.

Ƙanena da ke bi na tela ne, mai hannu, wanda in ya ɗinka maka kaftani sai an tambaye ka. Bai daɗe da buɗe shago ba ciwon sukari ya kama shi. Ya rame, ya riƙa shan ruwa ba ƙoshi, tururuwa na bin inda ya yi fitsari. Likita ya ce irin nasa ba ya jin ƙwaya, sai allura kullum safiya har ƙarshen rayuwa, kuma ranar da aka daina ranar aka fara haƙa kabari. Da muka dawo gida Baffa ya tara mu, ni da Innarmu da Gwaggo, ya ce a bar kaza cikin gashinta. In aka ji, za a ce ciwon gado ne, ba mai ba yaron nan mata, ba kuma mai neman ƙannenmu mata. Bai tambayi yadda ake allurar ba, ya dai tambayi wa ya gan mu a asibiti.

Haka allura ta koma gidana, da yake ina aure 'yan gidaje kaɗan daga namu, mijina kuma direban babbar mota ne da ba ya shiga abin da ba nasa ba. Kullum kafin ƙanena ya tafi shago sai ya biyo. In ɗora 'yar tukunya a risho, in dafa sirinjin gilashi da allurarsa, in ciro kwalbar maganin daga cikin kaskon jiƙaƙƙen yashi da nake ajiyewa bayan randa, don ba ya son zafi, sanyin Jos ma yana taya mu. In tsira masa a cinya, ya ci kumallo ya wuce. Ya murmure, ya yi kumatu. Mutanen unguwa suka shiga yabon zumuncinsa, wai yaron kirki, ba ya fita nema sai ya gaida yayarsa. Har akwai matar da ta riƙa zagin nata ƙanen da shi.

A ƙarshen shekarun saba'in, damina ta yi nisa, ya ga yarinyar da yake so. Ubanta mai motocin haya ne, ya gina sabon gida can wajen Daɗin Kowa, lokacin wurin bai cika ba. Baffa ya ga surukuta da mai motoci, sai rawaninsa ya ƙara tsawo. Na ce masa a gaya wa mutanen nan gaskiya tun kafin a sa rana, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yarinyar da za ta kwana ɗaki ɗaya da shi ba makauniya ba ce. Ya ce in an ɗaura an ɗaura, mace in ta shiga gida asirin gidan nata ne. Ƙanena yana zaune yana kallon tabarma. Ba zan wanke shi ba, shi ma ba yaro ba ne, yarinyar ce ta cika masa ido har ya daina ganin kome.

Matsalar ita ce al'adar biki. A lokacin ango ba ya zama gida. Da an shiga hidima sai a kai shi gidan babban aboki, ya zauna can abokai na kewaye da shi, ba ya taka ko ƙofar gida shi kaɗai har a kai masa amarya. Ga shi matar babban abokin 'yar uwar amarya ce. Ba yadda za a ɗora tukunya a dafa sirinji a gidan nan ba a gani ba, ba kuma yadda ango zai sulale kowace safiya ya zo gaida yayarsa. Da na tayar da maganar, Baffa ya ce ya riga ni tunani. Wai ya shirya da wani malamin asibiti da ya sani, zai riƙa zuwa a matsayin aboki, ya ja ango gefe ya yi masa. Ya karɓi gwangwanin da nake ajiye sirinji, ya karɓi kwalbar. Na ce a kula kada ta sha zafi, ya ce in koma wajen mata, ga tukwane can suna jira na.

Ba wani malamin asibiti. Daga baya na san cewa a akwatinsa na ƙarfe Baffa ya jefa su, ƙarƙashin manyan riguna, ya datse da kwaɗo. Shi da Gwaggo sun zauna sun yi nasu ilimin likitancin, suka gano cewa ɗaci ne maganin zaƙi. Gwaggo ta dafa shuwaka da ɓawon maɗaci, ta riƙa aikawa a buta da sunan maganin ango. Wa zai tambayi maganin ango? Abokai sai dariya da shaƙiyanci, wasu har suna roƙon a ɗiba musu. Aka ce wa ƙanena 'yan kwanaki ne, ya daure, jikin da ya sha allura shekara da shekaru ai ya tara ta. Kamar allura hatsi ce da ake zubawa a rumbu.

Can kuma gidan aboki ana ta karrama ango. Dangin amarya suna aiko da alkaki da nakiya, shayi ya sha madarar gwangwani da sukari har cokali na tsayawa, ga akwatunan lemon kwalba da suruki ya sauke. In ya ƙi ci za a ce me ya sa, don haka ya ci. Ga wani maruru da ya fito masa a ƙeya yana sa shi zazzaɓi, ya rufe shi da hula. Ƙishirwa ta taso masa, abokai kuma don ƙauna duk sanda ya ce ruwa sai su fasa masa lemo. Ranar ɗaurin aure, waɗanda suka gan shi sun ce yana tangaɗi, idonsa ya faɗa. Aka ce zumuɗi ne.

Washegari ya fara amai da ciwon ciki, numfashinsa ya koma mai zurfi da sauri kamar zugazugin maƙeri, bakinsa na warin ruɓaɓɓen mangwaro. Aka kira Baffa. Mutumin da ya san abin da ke cikin akwatinsa, ya tsaya a kan yaron ya ce baki ne, ko kuma wani da ya nemi yarinyar bai samu ba ya yi aiki. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Sai da ƙanena ya daina amsa sunansa, uban amarya da kansa ya ce wannan ya wuce hayaƙi, ya sa shi a mota sai asibiti. Mu mata ba a gaya mana ba, kada yini ya lalace. Muna can muna ta guɗa, ana kiɗan ƙwarya.

Da hantsi babban abokin ya leƙo gidanmu a ɓoye neman bargo, ya yi rashin sa'a ya faɗo hannuna. Da ya gaya mini ƙanena na asibiti, na tambaye shi ko mai allura ya zo yau. Ya dube ni ya ce wane mai allura. Ban san lokacin da na bar takalmi ɗaya a zaure ba. Da lallena da gwaggwarona na biki na tari tasi, ana yayyafi, na ce wa direba asibiti.

Na same su a baranda gaban ɗakin maza. Baffa cikin babbar riga mai aska, uban amarya a gefensa, suna jan carbi kafaɗa da kafaɗa. Ƙanena na ciki a kan gado, leɓensa ya tsage, yana wannan numfashi da ake ji tun daga ƙofa. Likitan matashi ne, ɗan asalin ƙasar Jos ɗin nan ta kan dutse, Hausarsa irin ta cikin gari. Ashe ya tambayi Baffa, ya sake tambaya, ko yaron na da wani ciwo da aka sani, ko yana shan wani magani. Baffa ya saci kallon surukinsa ya ce lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Da jin haka, ga zazzaɓi ga suma ga damina, aka fara yi masa maganin zazzaɓin sauro da ya hau kai, ana jiran sakamakon jini. Fitsarin da za a gwada ma ya ƙi samuwa, don jikin ya bushe.

Baffa ya gan ni ya taso da sauri, ya tare ni yana magana ƙasa-ƙasa, wai in yi hankali, baki shi ke yanka wuya, ga mutane. Na kewaye shi kamar turmi. Ban rage murya ba, kuma ban yi niyyar ragewa ba.

"Likita, ciwon sukari gare shi. Shekara da shekaru yana allura, ni nake yi masa. Tun da aka shiga biki aka hana shi."

Carbin uban amarya ya tsaya. Likitan ya juyo ya kalli Baffa, kallon da ban taɓa ganin yaro ya yi wa mai rawani ba.

"Oga, na tambaye ka," in ji shi. "Kai ka ce babu. Kana so ya mutu ne?"

Baffa ya ce ai shi ba a gaya masa sunan ciwon da kyau ba. Ba wanda ya tsaya jin sauran. Nas-nas suka shiga gudu, aka rataya ruwa, kwalba na ƙarewa ana sa wata, ana yi masa allurar sukarin a kai a kai. Da aka samu ɗan fitsari, suka ɗiga shi cikin wani ruwa shuɗi a 'yar kwalbar gwaji suka ɗora a wuta, ya rikiɗe ya koma ja kamar bulo. Da abin ya ɗan lafa likitan ya yi mini bayani a tsaye. Ya ce in babu allurar, jiki ba ya iya cin sukarin da ke cikin jini ko da ya cika maƙil, sai ya koma cin kitsen kansa, dattin wannan kuma ya mai da jini tsami ya zama guba. Wannan numfashin da warin bakin, jiki ne ke ƙoƙarin fitar da ita. Ya ce marurun nan kaɗai ya isa a ƙara masa allura, balle a hana. Bai yi mini alkawarin kome ba.

Na zauna jinya a ɗakin nan, na kuwa ga abin da ban sani ba, ashe masu irin wannan suma suna da yawa. Akwai tsohon lebura na haƙar kuza da gyambon ƙafa ya tayar masa da nasa, an kawo shi a makare, bai kwana biyu ba aka ja masa mayafi. Akwai ɗan makaranta daga wajen Kuru, iyayensa manoma, ba su taɓa jin sunan ciwon ba sai ranar, uwar tana ta addu'a da yarensu a bakin gado, shi ya tashi ya koma gida da ƙafarsa. Akwai wani da maganinsa ya ƙare, garinsu kuma ba inda ake samu, gada ta karye da ruwan sama. Kowa da uzurinsa, wani rashin sani, wani rashin hanya. Mu kaɗai ne a ɗakin nan muke da sani, muke da magani, muka sa masa kwaɗo.

Dangi kuwa suka yi ta zuwa dubiya, ana ce musu zazzaɓi ne, suna ajiye masa lemon kwalba da rake a gefen gado. Na riƙa kwashewa ina ba masu shara. Gwaggo ta zo da butarta ta maɗaci a ƙarƙashin mayafi, wai a ɗiga masa ko kaɗan ne. Na ce ta shanye abinta, ko Allah zai sa ya rage mata zaƙin baki.

Allah ya yi ƙanena da sauran kwana. Numfashin ya sauka a hankali, wata safiya ina goge masa fuska sai ya buɗe ido. Farin cikin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haifi ɗana na fari. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, ya kalli robar da ke hannunsa, sannan ya motsa baki. Na sunkuya ina zaton ruwa zai ce.

"Yaya, sun sani?"

"Sun sani. Ni na faɗa."

Ya juya fuskarsa bango. Na tsaya da tsumma a hannu, ban san inda zan sa shi ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna yana yi mini.

Uban amarya bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da aiko da abinci har aka sallame mu, sannan ya aiko manya. Suka ce an yi musu rufa-rufa, wanda ya iya ƙarya a kan ran ɗansa me zai hana shi yi a kan 'yar wani. Wannan gaskiya ce. Amma su ma kada a ɗauke su waliyyai, don matansu sun bi gari suna cewa Allah ya tsare jikokinsu da jinin sukari. Yarinyar ba wanda ya nemi jin ta bakinta, na ji dai an ce ta yi kuka. Ko ɗakin ba ta taka ba. Matan da suka zo suka yi jere da guɗa, suka shirya kwalla da samiru har rufi, su suka dawo suka sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ya sawwaƙe mata kamar yadda aka nema.

Sai aka tara taron gida, ni kuma a wautata na ɗauka akwatin Baffa za a tattauna. Ashe ni za a yi wa shari'a. Baffa ya ce da na yi haƙuri, ai likita zai gano da kansa in jini ya fito, ya kira shi gefe su yi magana ta manya, ba wanda zai ji. Na ce da wace gawa za a yi maganar manyan. Ya ce rai na hannun Allah. Na ce mabuɗin akwati kuma yana aljihun wa. Gwaggo ta sa salati, ta ce tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami, ga shi na kashe auren ƙanena da kaina, na kuma tona asirin zuriya a gaban bare. Innarmu kuwa, sai da za ni ta biyo ni zaure ta riƙe hannuna ta matse, shi ke nan abin da ta iya. Ba a ƙara ambatar akwati ba a gidan nan, amma sunana ya zauna, mai kashe aure.

Ƙanena ya yi gaba da ni kusan shekara. Don kada ya tako gidana ya koma asibiti aka koya masa yin allurar da kansa, ya sayi risho ya ajiye a shago. Da yake gari ya riga ya sani, a gaban masu kawo ɗinki yake dafa sirinjinsa, kuma ban ji wanda ya fasa kawo yadi saboda haka ba. Ƙannenmu mata duk sun yi aure, ba wanda ya tambayi fitsarin kowa. Abin da aka kusa binne mutum a kansa ke nan. Wata Sallah ya aiko mini da ɗinki, daidai jikina ba tare da ya auna ni ba, na gane an huce. Bai taɓa cewa na gode ba, ni ma ban taɓa cewa ya yi haƙuri ba. Daga baya ya auri wata bazawara da ta san komai tun ranar farko, ta ce ita ba sukari za ta aura ba.

Baffa ya rasu da girmansa, an cika maƙabarta, ana ta faɗin yadda ya riƙe zumunci. Gwaggo kuwa ta yi tsawon rai, kuma ba ta taɓa sauke mini sunan nan ba. Ranar bikin babbar 'yar ƙanena, ta tsufa tukuf sai an riƙe ta, tana zaune cikin sababbin surukai na shigo da tire. Ta nuna ni da sanda ta ce musu wannan ita ce ta kashe wa ƙanenta auren fari. Matan suka zuba mini ido suna jiran in ji kunya.

Na ajiye tiren, na ɗaga labulen ƙofa yadda za su hango tsakar gida. Ƙanena yana tsaye cikin maza, furfura ta fara fito masa, yana dariya da wani.

"Ni ce," na ce musu. "Ga shi can yana raba goro."